Ciwon Mara Mai Tsanani A Farkon Ciki: Jinkirin Kai Mace Asibiti Sakaci Ne Da Amana

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin tambayoyin da mata suke yawan aiko wa malamai a makarantun Islamiyya da majalisun karatu akwai wannan: mace ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sai ta ga jini yana ɗiga, ga kuma ciwon mara, shin ta ci gaba da salla ko ta dakata? Tambaya ce ta fiƙihu, kuma malamai sun yi magana a kanta. Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin mai ciki tana iya yin haila, Hanafiyya da Hanbaliyya kuma suna ganin jinin nata na cuta ne. Sai dai wannan amsa hukuncin salla kawai take warwarewa, ba ta tabbatar wa mace cewa lafiyarta ƙalau. Wajibi ne a kanmu, mu masu hawa mumbari, duk lokacin da irin wannan tambaya ta zo mu fara da cewa a tafi asibiti yanzu, sannan maganar salla ta biyo baya.

Dalili kuwa shi ne abin da likitoci suke kira ciki a wajen mahaifa. A bisa al'ada, ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyi a cikin wani siririn bututu da ya taso daga kusa da ma'ajiyar ƙwai, sannan cikin 'yan kwanaki ya gangara mahaifa ya zauna. Wani lokaci sai ya maƙale a hanya, ya fara girma a inda ba a halitta domin ɗaukarsa ba. Hakan yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 daga kowane 100, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciki a bututun yake zama. Mahaifa tana buɗewa gwargwadon girman abin da ke cikinta, shi kuwa bututu ba ya iyawa. Idan cikin ya ci gaba da girma sai bututun ya fashe, jini ya riƙa kwarara cikin cikin mace ba tare da an gani a waje ba. A irin wannan hali rai yana iya salwanta cikin sa'o'i kaɗan. Alamomin sukan bayyana tsakanin mako na 4 da na 12, wato daidai lokacin da yawancin matanmu ba su sanar da kowa cewa suna da juna biyu ba, wasu ma su kansu ba su tabbatar ba.

Ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su haddace waɗannan alamomi: ciwon mara mai tsanani, musamman wanda ya tsaya a gefe ɗaya, ɗigar jini, ko da kaɗan ne, ko da baƙi-baƙi ne, ciwo a saman kafaɗa wanda ba a san dalilinsa ba, jiri, ko suma, ko gumi mai sanyi, fuska da tafin hannu su yi fari, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Haka nan idan ɓari ne ya taso, to jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko fitar ruwa mai wari, duk alamu ne na haɗari, domin ragowar ɓari idan ta zauna a mahaifa tana jawo zubar jini da ruɓewa. Akwai kuma wasu cututtuka masu kama da wannan, kamar kumburin afendis da murɗewar ma'ajiyar ƙwai, waɗanda su ma ba sa jiran gobe. Babu mai iya rarrabe su da ido a gida, komai daɗewarsa yana karɓar haihuwa. Gwajin fitsari, da gwajin jini, da hoton ciki su ne suke bayyana gaskiyar lamarin.

Girman asarar da muke yi ya isa ya tayar da hankalin mai imani. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2025 ta nuna cewa a shekarar 2023 kimanin mata 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne yake kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku hukumomi suna da babban kaso a cikinsu. Na farko kuwa a ɗakunanmu da zaurukanmu yake aukuwa, kuma sau da yawa da sunan addini ake kafa masa hujja, alhali addinin ya barranta daga gare shi.

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce tawakkali. Sai a ce a yi haƙuri, Allah zai kawo sauƙi, abin da aka rubuta ba makawa. Imani da ƙaddara rukuni ne, ba mu jayayya da shi. Amma Annabin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya umarci sahabbansa da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik, kuma shi da kansa ya yi ƙaho ya biya mai yin sa ladansa. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin da ya sami labarin annoba, ya kuma bayyana wa masu tambaya cewa kauce wa halaka shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun lissafa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta zartar cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga salwantar rai ko gaɓa. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, kuma ana iya yin su a cikin mota ana kan hanyar asibiti. Wanda ya tsaya jiran a wanke allo alhali matarsa tana zubar da jini a ciki, ya bar wajibi.

Hujja ta biyu ita ce izinin miji. Nawa ne daga cikin matanmu suka kwana suna murƙususu saboda maigida ya yi tafiya, ko wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin cewa a fita da ita? Haƙƙin miji a kan fitar matarsa tabbatacce ne, sai dai yana da iyaka. Malaman fiƙihu sun halatta wa mace fita ba tare da izini ba idan gobara ta tashi ko gini zai rufta mata, saboda rai yana gaba. Fashewar bututun mahaifa ba ta gaza gobara haɗari ba. Muna kira ga kowane magidanci da ya zaunar da iyalinsa yau, a gaban mahaifiyarsa da wani maƙwabci da ya amince da shi, ya ba da izini na dindindin cewa duk ranar da larura ta taso a kai matarsa asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Wanda Allah Ya ba kiwon iyali za a tambaye shi yadda ya yi da su, kuma wannan yana cikin tambayar.

Hujja ta uku ita ce tsoron likita namiji. Kishi ɗabi'a ce ta ƙwarai, kunya kuma ado ce ga mumina. Amma shari'a ta tsara wannan al'amari. Majalisar da muka ambata, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta ce asali likita mace Musulma ce za ta duba mace. Idan babu, sai likita mace amintacciya wadda ba Musulma ba. Idan babu, sai likita namiji Musulmi amintacce. Idan babu, sai wanda ba Musulmi ba. Sharaɗi shi ne a buɗe gwargwadon buƙata kawai, kuma a samu miji ko muharrami ko wata mace amintacciya a wurin. Tun zamanin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, Rufaida Al'aslamiyya take jinyar masu rauni a hemarta da ke masallaci, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Idan ƙarancin likitoci mata yana damun mu, maganinsa shi ne mu bar 'ya'yanmu mata su karanci likitanci da ungozomanci, wanda farilla ce ta kifaya a kan al'umma.

Akwai kuma al'adar ɓoye ƙaramin ciki, ko don kunyar cikin fari, ko don tsoron kambun baka da idon kishiya. Babu laifi mace ta sirranta cikinta ga jama'a, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta gaya wa mijinta, ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, domin wannan bayani shi ne yake shiryar da likita. Uwaye da surukai su daina ce wa yarinya ta daure, haka kowa ta yi. Laulayin ciki daban, ciwon da yake hana mace miƙewa daban. Ko da a ce wadda abin ya shafa ba ta da aure, ceton ranta ba ya jiran bincike, kuma gudun abin kunya ba ya zama uzuri ga wanda ya bar ta ta mutu a ɗaki.

Wasu kuma suna ƙin sa hannu a yi tiyata don gudun zunubin zubar da ciki. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan zubar da ciki tun daga farkonsa, kuma muna kan wannan. Amma cikin da ya zauna a bututu ba shi da hanyar kaiwa ga haihuwa, ba kuma a iya mayar da shi mahaifa. Barinsa yana nufin a rasa shi a rasa uwar. Cire shi ceton rai ne, kuma ƙa'idar shari'a ita ce a ɗauki ƙaramar cuta domin tunkuɗe babba. Idan an zo da wuri, wani lokaci allura ma takan wadatar ba sai an yi fiɗa ba. Ko da an cire bututu ɗaya, mata da yawa suna sake haihuwa da ɗayan, da yardar Allah. Gaskiya ne hadisi ya yi wa matar da ta rasu a sanadin ciki bushara da shahada, amma wannan daraja tata ce, ba ta wanke wanda sakacinsa ya jawo mutuwar.

A aikace, idan alamomin nan suka bayyana, kada a tsaya a kemis neman maganin kashe zafi, domin yana lulluɓe ciwon ne jini kuwa yana ci gaba da zuba. Kada a gasa mata ciki, kada a danna shi, kada a ɗura mata jiƙo, kuma gara a dakata da ba ta abinci saboda mai yiwuwa a buƙaci tiyata. A nufi asibitin da yake da ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini, a tafi da 'yan'uwa masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Idan azumi take yi, larura ta halatta mata sha, sai ta rama daga baya. Magidanci ya riƙa ware wani abu tun ciki yana ƙarami. Muktasar na Shehu Halil ya sanya ladan ungozoma cikin ciyarwar da ke kan miji, malaman wannan zamani kuma, irin su Wahba Zuhaili, sun sanya magani cikin wajibin ciyarwa.

Kwamitocin masallatai suna da rawar takawa. Kowace unguwa tana iya sanin masu mota biyu ko uku da za a buga wa ƙofa da tsakar dare, kamar yadda direbobin ƙungiyar NURTW suke aikin sa kai na ɗaukar mata masu larurar ciki a wasu jihohin Arewa. Ana iya buɗe asusun gaggawa daga sadakar masallaci, a kuma rubuta sunayen matasa masu shirin ba da jini. Ga ma'aikatan lafiya kuwa, muna tunatar da su cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana a ƙi ba majinyaci taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Kafin dokar ƙasa akwai tsayuwa a gaban Allah. Hukumomi su ma su ji tsoron Allah su samar da jini da wuta da ma'aikata a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin babu amfanin mu kira mutane su yi sauri idan za su tarar da ƙofa a rufe.

Muna roƙon 'yan'uwanmu limamai da su ware huɗuba guda a kan wannan batu, malamai mata kuma su karantar da alamomin nan a azuzuwan matan aure kamar yadda suke karantar da hukuncin haila da biƙi. Da-na-sani ƙeya ce, kuma a zaman makoki ba ta dawo da uwar marayu.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar iyalanmu. Allah ne Mafi sani.