Raddi Ga Masu Cewa "Haka Kasuwa Take"

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri kake ko falke, wata magana ta yawaita a bakin mutane, ƙarya ce kuwa sanye da rigar gaskiya. Idan ka ga mai hatsi yana tauye mudu, ko mai mai ya yi algus, ka yi masa nasiha, sai ya ce da kai: "Malam, haka kasuwa take." Yana faɗar haka kamar mai ba da labarin fitowar rana daga gabas. Wannan takarda raddi ce gare shi.

Ka sani abubuwan duniya kashi biyu ne. Akwai wanda samuwarsa ba ta jiran yardar kowa, kamar dutsen Dala: ko Kanawa duka sun taru sun ce babu shi, yana nan. Akwai kuma wanda ba ya tsayuwa sai bisa yardar jama'a da maimaita aikinsu, kamar kuɗi da mudu da ranar cin kasuwa. Allah ne Mahaliccin duka, amma kashi na biyu ta hannun bayi Ya gudanar da shi, saboda haka za a tambaye su a kansa.

Dubi kuɗi, domin shi ne hujja mafi kusa da aljihunka. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata 'yar halittar teku ne, ana kwaso shi daga tsibiran Maldib a tekun Indiya. A shekarar 1851, da Bajamushen nan Barth ya sauka Kano, ya tarar ana canjin riyalin azurfa ɗaya da wuri 2,500. Keso guda wuri 20,000 ne. Da shi kakanninmu suka sayi doki, suka biya sadaki. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi, sannu a hankali sule da kwabo da anini suka ture shi. Ran 1 ga Janairu 1973 fam ya ba naira wuri, fam ɗaya naira biyu. To, ɗauki keso ka shiga Kasuwar Kurmi yau, ka ga ko mai ƙosai za ta dube ka. Wurin bai sake kama ba, yardar mutane ce ta tashi daga kansa.

Sai dai kada ka zame zuwa ɓata ta biyu, ta masu cewa tunda yarda ce kawai, to duk tatsuniya ce, kowa ya yi abin da ya ga dama. Tuna farkon 2023, bayan da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mutum na riƙe da tsofaffin kuɗi, mai shago ya ƙi karɓa, yara suka kwana da yunwa. Takardar ita ce ta jiya, amma yunwar ta gaske ce. Abin da jama'a suka ƙulla yana da nauyi, mutum ɗaya ba ya warware shi da baki.

Misalinsa ganuwa ce. Ba ta tsiro kamar kuka ba, mutane ne suka ɗora ta tubali bisa tubali, ga ta kuma tana tare mahayi da dokinsa. Haka kasuwa. Duk mudun da ka cika tubali ne, duk wanda ka tauye tubali ne. Yaron shagonka yana kallon hannunka, gobe shi ma ya ce haka ya tarar. Ta wannan hanya zamba ke zama al'ada, ta wannan hanya kuma amana ke zama al'ada.

Don haka mai cewa "haka kasuwa take" ya ɓoye rabin magana. Cikonta shi ne: haka muka mai da ita, ni ma da hannuna a ciki. Ranar hisabi ba za a kira kasuwa ba, domin ba ta da wuyan ɗaukar zunubi. Sunanka za a kira, da na ubanka.

Cika mudunka gobe da safe ko maƙwabcinka bai cika nasa ba. Allah Ya sa mu dace. Tammat.