Haki da magana a kan tudu

Ƙasar Cadakori, a gundumar Gidan Rumji, ba ta manyan duwatsu ba ce. Tudunta jigawa ce, rairayi kuma kan riƙe tayar keke har gajeren hawa ya zama dogo. Mai jiki da ya ɗauki keke don rage ƙiba yakan gamu da wannan tun makon farko: ƙirji na lugude, gwiwa ta yi sanyi, ga yara a bakin hanya sun zuba ido. Kunyar sauka ke sa shi dagewa har idonsa ya yi duhu, alhali sauka ya tura keken ya fi masa.

Dalilin a fili yake. A shimfiɗaɗɗiyar hanya keke ke ɗauke da nauyin mahayi, amma a hawa kowane kilo sai ƙafa ta ɗaga shi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a jihar Maraɗi, jini na karkata zuwa fata don sanyaya jiki, gumi na rage ruwa, zuciya sai ta ƙara bugu. In mutum ya haɗa da tsuke cikinsa fiye da kima, ya hau tudu ke nan babu guzuri.

Akwai lissafin da ake yawan ambata, wato a cire shekarun mutum daga 220, mai shekara 40 ya sami 180 a matsayin iyakar bugun zuciyarsa a minti. Ƙiyasi ne kawai, agogon aunawa kuma ba kowa ke da kuɗinsa ba. Ma'aunin da ya fi dacewa yana bakin mahayi. Ɗalibin ilimin furuci ya san magana kan iskar da huhu ke fitarwa take tafiya, Hausa kuwa ta bambanta numfashi da haki. Wanda ke tuƙi yana iya kai gaisuwa ƙarshenta, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali (gaisuwar ƙauye ba gajera ba ce), yana kan matsakaicin aiki. Wanda "lafiya" ke fita daga bakinsa gaɓa-gaɓa ya wuce gona da iri.

Matsakaicin aikin nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a 2020, baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako, kuma shi ne mai ƙiba zai iya maimaitawa gobe da jibi. Jiri ko ciwon ƙirji kuwa ba na haƙuri ba ne, na likita ne, musamman ga mai hawan jini.