Kimiyya a Bakin Titi: Ƙarin Sifirin Ba Ya Ƙara Birki

Duk mai bi ta Ƙofar Doka zuwa makaranta ya saba ganin a-kori-kura an lafta mata buhunan masara, ko janwe ya ɗago gaban wata mota yana ja: baya ya zauna kamar raƙumi zai durƙusa, hanci na kallon sama. Maganin da direbobi suka sani shi ne a je gareji bakanike ya ƙara falle.

Sifirin ɗin baya na irin waɗannan motoci fallayen ƙarfe ne dogaye, an ɗora wani kan wani, an ɗaure su a kan aksil. A nan darasinku na Fiziks ya shigo. Robert Hooke, wani masani ɗan Ingila, ya bayyana a 1678 cewa lanƙwasar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. Misali, in kilo 200 ya zaunar da mota santimita 4, kilo 400 zai zaunar da ita 8, matuƙar ba a wuce iyakar ƙarfen ba. In aka wuce, ya lanƙwashe ke nan, ko ya karye. Ƙarin falle na ƙara masa tauri, sai motar ta miƙe. Shokozoba kuwa ba ya ɗaukar kaya, aikinsa hana mota tsalle-tsalle.

To amma miƙewar tana ruɗin ido. Abin da ake ja yana danna ƙugiyar da ke can bayan tayoyin baya, sai motar ta zama tamkar sikeli: baya ya sauka, gaba ya yi sauƙi. Tayoyin gaban nan su ne na sitiyari, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. Ko falle nawa aka ƙara, nauyin da ya bar gaba bai dawo ba. Birkin shi ne na jiya, aksil da tayoyi ma haka. A lungunan cikin birni, inda ɗan acaba da mai kura da ɗan firamare ke raba hanya ɗaya, taku biyu da mota ta ƙara kafin ta tsaya ba wasa ba ne.

Ni a ganina ƙarin falle ba laifi ba ne, in an yi shi dama da hagu daidai, aka kuma tsaya kan nauyin da kamfani ya ƙayyade wa motar. Masu sha'awar fannin, ga NITT a Basawa, cibiyar koyar da fasahar sufuri da aka kafa a 1986.

Aikin wannan mako: ku duba gefen tayar wata mota da ke ajiye. Bayan lambobin girmanta akwai wata lamba haɗe da harafi. In 100 ce, tayar kilo 800 kawai take ɗauka. Ku lissafa buhu nawa ke nan mai kilo 100, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku.