Murna Daban, Farin Ciki Daban

Jama'a, akwai kalmomi biyu da muke gwama su kullum kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, watau murna da farin ciki. Ko wasiƙa ɗalibi zai rubuta gida don neman kuɗin sabulu, sai ya fara da cewa yana mai murna da farin ciki. Ni kuwa a ganina ba ɗaya suke ba, kuma rashin rarrabe su yana jawo mana hasara, mu da iyayenmu baki ɗaya.

Murna baƙuwa ce. Wani abu ne daga waje yake kawo ta, kamar haihuwa ko aure ko cin jarrabawa, kuma ana jin ta a guɗa da kiɗa da ihu. Idan abin da ya kawo ta ya wuce, sai ta naɗe tabarmarta ta bi shi. Ku tuna ran 7 ga Fabrairu, 1924 ba nake nufi ba, na jiya-jiyan nan, 2024, da Nijeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Daren nan samari sun yi ta sowa kamar an raba musu gado. Ran 11 ga wata Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya a Abijan, murna ta koma ciki. Kwana huɗu rak ta yi.

Farin ciki kuwa ɗan gida ne, sunansa ma ya faɗi mazauninsa. Shi ne natsuwar da mutum yake kwana da ita in ya san bai ci haƙƙin kowa ba, ya yi aikin da ke kansa, kuma akwai waɗanda zai zauna da su ba tare da fargaba ba. Ba ya bukatar makaɗi.

Mu 'yan Ƙofar Atiku ba sai mun je nesa neman misali ba, domin tarihin garinmu ya ishe mu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shi ya ja rundunar da ta yi nasara a Tabkin Kwatto cikin 1804. Bayan haka garuruwa suka yi ta faɗowa hannun jama'ar Shehu. In da nasara ce take sa zuciya ta kwanta, ai da babu wanda ya kai shi kwanciyar rai. Amma fa tun kafin a ci Alƙalawa cikin 1808, ya duba ya ga waɗansu sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya, sun mance da abin da aka fito dominsa. Abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida. Ga mutum a tsakiyar masu murna, shi kuwa abin da yake nema ba ya wurin, sai da ya koma kan allo da tawada.

To, mu yau wanne muke kashe wa ƙarfinmu? Kowa ya san yadda gidajenmu suke zama in Sallah ta gabato. Yaro ya kafe sai shadda, sai takalmi irin na ɗan maƙwabta, uba ya fita ya ciwo bashi don kada a gan shi a rana. A yi ado, a je Idi, a zaga dangi. Kwana uku sai ga mai bin bashi a zaure. Da ma an ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, sai dai sau da yawa ba wauta ce ta kai uban ba, mu ne muka tura shi.

A makaranta ma haka ne. Wanda ya yi satar amsa ya zo na uku zai yi tsalle ranar da aka ba da sakamako, amma duk lokacin da malami ya ce ya taso gaban allo sai gabansa ya faɗi. Wanda ya zo na goma sha biyar da guminsa ba a yi masa tafi ba, amma barcinsa ya fi daɗi, kuma ranar jarrabawar WAEC ba ya waige-waige.

Kada a ce ina ƙin murna. Wanda ba ya dariya ranar ziyara, in an buɗe ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi, to, a kai shi asibiti. Ita ma ana noma ta, kuma ba ta da tsada: wasan langa da yamma, hira bayan Isha'i, taya abokinka jin daɗi in ya fi ka maki, ko da yake wannan na ƙarshen akwai wuya. Abin da na lura da shi a ɗakin kwananmu shi ne, murnar da aka raba takan bar wani abu a baya. Wanda ya ɓoye akwatinsa ya ci kilishi cikin bargo ya ƙoshi dare ɗaya. Wanda ya kira yaron aji ɗaya da ba a zo wa ziyara ba suka ci tare, ya sami mai gaishe shi har ya bar makaranta.

Ina da roƙo ga iyayenmu, Allah Ya ƙara muku girma. In kun zo ziyara, tambayar farko kullum ita ce, na nawa ka zo? Ku ƙara da wata. Ku tambaye mu ko muna barci, ko muna da aboki, ko akwai babban ɗalibin da ya sa mu gaba. Akwai yaran da suke zuwa na ɗaya kowane zango, amma in motar gida ta juya sai su zaga bayan aji su yi kuka.