Kalmomi biyu a bakin kwalba: "gargajiya" da "bio"

Wani abokin aikina da ke koyar da harshen Faransanci ya kawo mana wata takardar talla a taron malamai, yana so ya gina darasin karatu a kanta. Takardar ta wani gidan giyar inabi ce na kudancin Faransa. An yi mata ado da hoton tsohon gini da kuringar inabi layi-layi, an kuma yi ta nanata kalmomi biyu: giyarsu ja da fara ta "gargajiya" ce, kuma "bio" ce. Abokina ya ce ba giyar ce ta dame shi ba, tunda hukuncinta sananne ne a wurin mafi yawanmu. Shi dai yana so yara su ga yadda al'umma ke riƙe da gadonta. Na ƙi yarda da shi a ranar, kuma ga dalilaina a rubuce.

Mu fara da "gargajiya". Wajen shekarar 1863 wani ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka, ya riƙa cin saiwar inabi har ya halaka yawancin garaken ƙasar. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda manomanmu ke yi wa mangwaro: aka ɗora reshen Faransa a kan saiwar Amurka. Har yau kusan duk inabin Faransa a kan wannan saiwa yake tsaye. Sannan lokacin da giya ta yi ƙaranci, Aljeriya aka nufa, ƙasar Musulmi da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, aka dasa inabi har ya kusa hekta 400,000 a shekarun 1930, ana kwasar giyarta ana gauraya ta da ta kudancin Faransa don ta yi ƙarfi da launi. A 1907 kuwa manoman Langedok sun yi bore saboda faɗuwar farashi da yawan jabu. Cikakkiyar dokar kare sunayen yankuna ma sai a 1935 ta samu. Ina wannan tarihi a cikin takardar tallar? An share shi, an bar mana hoton tsohon gini.

Sai "bio". A nan dole a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Manomin da ya bar takin zamani da maganin kashe ciyawa ya koma ga taki da garma ya yi abin yabo, domin inabi na cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshi a Faransa, kuma ma'aikatan garka da maƙwabtansu ne ke shaƙar gubar. A 2014 an gurfanar da wani manomin Burgonyi, Emmanuel Giboulot, don ya ƙi fesa maganin ƙwari da hukuma ta wajabta; aka ci shi tara, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Irin wannan jajircewa ba ta raini ba ce.

Amma me kalmar ke nufi a doka? Kafin 2012 ba a ma yarda a rubuta "giyar bio" a Tarayyar Turai ba, sai dai "giyar da aka yi da inabin bio". Dokar 2012 ta yarda a zuba sinadarin farar wuta don kada giyar ta lalace: miligiram 100 a kowace lita ga ja marar zaƙi, 150 ga fara, alhali sauran giya ana kai 150 da 200. Ragi ne aka yi, ba hani ba. A garka kuma, makamin manomin bio a kan cutar funfuna shi ne jan ƙarfe, a cikin haɗin nan na Bordo da masani Millardet ya yaɗa tun 1885. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa; taruwa yake cikin ƙasa shekara da shekaru yana cutar da tana da ƙananan halittu, har ya sa tun 2019 aka taƙaita shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7.

Babban abin da kalmar ke rufewa yana cikin kwalbar. Ja da fara bambancinsu a wurin haɗi yake: ja ana barin ruwan ya yi tsami tare da ɓawon inabin, fara kuwa ana matse ruwan a ware shi tukuna. Sinadarin da ke bugarwa dai ɗaya ne, ko an fesa wa garkar magani ko ba a fesa ba. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransar kanta, ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar. Hukumar lafiyar jama'a ta Faransa ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum 41,000 a ƙasar a 2015. Hanta ba ta karanta tambari. Koren ganyen da ke jikin kwalba shaida ne a kan yadda aka noma inabin; mai talla kuwa so yake mai saye ya ɗauke shi shaidar lafiya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Faransawa da kansu sun san da wannan ja-in-ja. A 1991 dokar Evin ta ƙuntata tallar barasa. A 2014 majalisarsu ta sanya giyar inabi cikin gadon al'adun ƙasa da ake karewa. A 2016 aka sassauta dokar ta 1991. Ashe abin da ake muhawara a kansa a can, mu za mu kawo wa ɗalibanmu shi a matsayin zance gamamme?

Duk da haka ban ce a yaga takardar ba. A kai ta aji, amma a karanta ta da idon tuhuma. A tambayi yara: wa ya rubuta, me yake sayarwa, me ya faɗa, me ya yi shiru a kansa? In kuma darasin riƙon gado ake nema, yana cikin dokar 1935, wadda ta ɗaure sunan kaya da ƙasar da ta fitar da shi, ta hana baƙo cin kasuwa da sunan. Wannan dabara ce ta iso gare mu a makare, lokacin da hukumar OAPI ta miƙa wa Nijar takardun kare sunan albasar Galmi da na kilishi a 2023. Malamin da ya iya nuna wa ɗalibansa hanyar da ta taso daga Bordo ta ɓulle Galmi ya koyar da Faransanci, ya koyar da tarihi, kuma bai zama ɗan tallan kowa ba.