Mawaƙi yana kabari, zaure yana cika

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Faransa, inda ake wata sana'a da ba ta cikin waɗanda mushe ya lissafa mana a lakkwal, wato sana'ar zama wani mutum. Saurayi ya ɗauki muryar mawaƙin da ya rasu, ya ɗinka irin tufafinsa, ya koyi tsayuwarsa da yadda yake riƙe jita, ya tara ƴan kiɗa, ya hau dandali, mutane su sayi tikiti su zo kallo. Ba ha'inci a ciki, domin takardar talla ta faɗa ƙarara cewa daren tunawa ne, mai waƙoƙin ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya ja hankalina shi ne masu cika zauren. Da yawansu masu furfura ne, kuma biyu-biyu suke zuwa, miji da matarsa, waɗanda suka yi ritaya ƴaƴa suka watse.

Duk wanda ya yi lakkwal a Yamai, Damagaram ko Maraɗi cikin shekarun 1960 da 1970 ya san sunan Johnny Hallyday, ko da bai taɓa riƙe faifansa ba. An haife shi a Paris cikin 1943, sunansa na yanka Jean-Philippe Smet. Ya fitar da faifansa na farko cikin 1960, kuma a watan Yuni na 1963 matasa kimanin 150,000 suka taru a dandalin Nation don su ji shi, har dattawan ƙasar suka ce duniya ta zo ƙarshe. Ya zo rangadi Afirka ma, kuma tafiyar 1968 ba ta ƙare da daɗi ba, domin an kore shi daga Kamaru bayan ya yi rigima da wani ministan Afirka ta Tsakiya a wani otel na Yaounde. Ya sayar da faya-fayai fiye da miliyan 100, ya rasu a Disamba 2017 yana da shekara 74. Ran 9 ga watan aka bi da gawarsa ta titin Champs-Élysées, masu babura ɗari-ɗari suna biye, shugaba Macron ya yi jawabi a ƙofar cocin Madeleine. Rigimar gado tsakanin matarsa da manyan ƴaƴansa biyu ta tashi tun ƙasa ba ta bushe ba, amma wannan zance ne na wata rana.

Shekara guda bayan rasuwar, cikin 2018, wani mutumin Bretagne mai suna Jean-Baptiste Guégan ya ci gasar talabijin ta masu baiwa. A fuska bai yi kama da marigayin ba. Amma idan ka rufe ido ya buɗe baki, sai ka rantse kabari ya tsage. Daga nan ya shiga cika manyan zauruka, kuma cikin 2019 Michel Mallory, wanda ya daɗe yana rubuta wa Johnny waƙoƙi, ya ba shi waɗanda ya tanada wa marigayin bai samu rerawa ba. Ba Faransa kaɗai ake haka ba. A Ingila akwai Bootleg Beatles tun 1980, sun fi ainihin Beatles daɗewa nesa ba kusa ba, tun da waɗancan sun rabu cikin 1970. Wasu mutanen Ostareliya da suke kwaikwayon Pink Floyd tun 1988 sun ƙware har David Gilmour, mai jitar ƙungiyar ta asali, ya gayyace su suka yi masa wasa a bikin cikarsa shekara 50, cikin 1996.

Mai saurin hukunci zai ce wannan jabu ne, kamar atamfar da aka buga wa hatimin wani kamfani. To amma a tsaya a duba asalin kayan. Shi kansa Johnny aro ya yi. Sunan da ya shahara da shi na wani Ba'amurke ne, mijin ƴar gwaggonsa, kuma da yawa cikin waƙoƙinsa na farko na Amurka ne aka juya su zuwa Faransanci. Elvis Presley ya gani ya ce shi ma haka zai zama. Elvis ɗin kuma a wurin baƙaƙen fatar Amurka ya sha kiɗan: waƙar Hound Dog da ya yi cikin 1956, wata mata baƙar fata, Big Mama Thornton, ta riga shi fitar da ita tun 1953. Kowa ya ɗebo a rijiyar wani, sai dai wani gugansa ya fi girma.

Abin da ya raba wannan aro da sata shi ne kuɗi, kuma nan ne ƴan kasuwa za su so su saurara. A Faransa duk wanda ya shirya wasa sai ya biya wani kaso ga ƙungiyar SACEM, ita kuma ta raba wa waɗanda suka rubuta waƙoƙin ko magadansu. Asalin ƙungiyar abin dariya ne. Cikin 1847 wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya zauna a wani gidan shan shayi na Paris, ya ji ana rera waƙarsa ba a biya shi ba, sai ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha. Aka je gaban alƙali, ya ci shari'a, cikin 1851 aka kafa ƙungiyar.

Mu koma ga tsoho da tsohuwa, don su ne zancen. A ce an haife su cikin 1948. Suna da shekara 15 lokacin taron Nation, wataƙila a wurin rawa suka fara ganin juna, wata waƙa tana tashi. Ya yi aikin jirgin ƙasa shekara arba'in, ita ta koyar da yara. Yanzu gida ya yi shiru. A ce tikiti yuro 40 ne, wato jikka 26 da ɗoriya, na mutum biyu ya haura jikka 52, ban da mota da abincin dare. Ga mai cin kuɗin ritaya wannan ba abin da ake yi da wasa ba ne. Duk da haka sai su saya tun da sauran wata biyu, su maƙala takardar a bango. Ranar ta zo, ta fito da rigar da ta daɗe cikin akwati, shi ya goge takalmi, ya sa maganin hawan jini cikin aljihu. Sun sani sarai wanda ke kan dandali bai kai ɗansu na fari ba a shekaru. Ba shi suka zo gani ba. Idan waƙar nan ta tashi, awa biyu kowannensu yana zaune kusa da mutum ɗaya tilo da ya rage a duniya wanda ya san shi yana ɗan shekara ashirin. Mai kwaikwayo tsani ne kawai aka jingina.

Kada mu yi saurin sha'awarsu, domin fitar nan tana da wata fuska. Suna riƙe da hannun juna ne saboda sau da yawa ba wani hannun da za su riƙe. A zafin watan Agusta na 2003 mutum kimanin 15,000 suka mutu a Faransa, akasarinsu tsofaffi, wasu su kaɗai cikin ɗaki, har aka samu gawawwakin da ba wanda ya zo nema. Tsohon da ke zaune a zaure a Tawa, jikoki suna hawa bayansa, maƙwabta suna gaishe shi safe da yamma, yana da dukiyar da tikiti ba ya saya.

Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ma'aikacinmu idan ya ajiye aiki, ina yake zuwa? Daga masallaci sai fada, daga fada sai baitulmali neman kuɗin ritaya. Ɗan kasuwa ya bar wa ƴaƴa rumfa, amma kullum yana can bakin ƙofarta a kan tabarma. Uwargida kuwa tana da nata zagayen, biki da suna da gaisuwar mutuwa da adashe. Shekara arba'in a gida ɗaya, zancensu bai wuce cefane, kuɗin lantarki da wanda za a aurar ba. Ran da aka aurar da auta, sai a ga ashe ba sauran abin faɗa. A gwada a gani: mutum ya shigo bayan isha'i ya ce, "Hajiya, ɗauko mayafi mu fita." Abin da za ta fara cewa shi ne, "Alhaji, lafiya? Wa ya rasu?" Kuma tana da gaskiya, tun da rabonsu da fita tare ba dalili tun tana amarya, lokacin da yake kai ta silima a Vox ko Ɗan Kasawa a bayan mobilet.

Na san za a ce kunya, kuma kunya ado ce. Amma wannan tsara da ke ritaya ita ce ta yi rawar bal da wando mai faɗin ƙafa, ita ce ta cika gidajen samariya zamanin Kunce. Ba kunya ta hana su a da ba. Girma ne ya zo ya zauna musu a wuya, har mutum yana jin nauyin a gan shi yana dariya da matarsa ta sunna, alhali ba ya jin nauyin a gan shi yana hira da abokai har tsakar dare.

Ba na cewa Alhaji ya koyi kiɗan rok da tsufansa. Muna da namu matattun da muryarsu ke cikin kunnen kowa. Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, ƴaƴansa suka riƙe kotso, domin mu tun asali gado ne yake raya waƙa. Amma wanda bai bar magaji ba fa? Mamman Shata ya tafi cikin 1999, Ɗan Maraya Jos cikin 2015. Mamman Barka ya je har tafkin Cadi ya koyo biram a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa shi, shi ma ya rasu cikin 2018. Ɗan Gurmu na Tawa an sa sunansa a gasa, amma yara nawa za su iya jawo baiti ɗaya nasa? Waƙoƙin suna yawo cikin wayoyin hannu, ana kwafa ana turawa, iyalan masu su ba sa ganin ko dala.

Ga zauren Umaru Ganda a Yamai, ga gidajen al'adu a manyan garuruwa, ga samari masu murya suna zaman kashe wando. Ɗan kasuwar da zai fara shirya irin wannan dare, ya nemi izinin iyalan mawaƙin, ya kai rabonsu ta hannun BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa. Ya fara bayan isha'i ya tashi kafin sha ɗaya, ya sa kujeru masu majingina, ya rage ƙarar lasifika. Tikitin mutum biyu kuma ya yi masa rangwame, da sharaɗin a zo da uwargida.