KIWO A GIDA: Sa'ad da Karya ta Isa Barbara

A wannan wata zancenmu a kan karya ne. Gidajenmu da yawa suna da kare, waɗansu domin gadi, waɗansu domin farauta, waɗansu kuwa yara ne suka roƙo kwikwiyo a maƙwabta. In kwikwiyon mace ce, wata rana za a tashi da safe a ga ɗigon jini a tsakar gida, a ga karnukan unguwa sun taru a bakin danga. Uwargida ta kan ce an ji wa karyar rauni, maigida kuma ya ɗauki sanda. Ba rauni ba ne. Karyar ta balaga ke nan, lokacin barbararta na fari ya zo.

Yawancin karnuka mata su kan kai wannan matsayi tsakanin wata 6 da wata 12 da haihuwa. Masu ƙaramin jiki su kan riga. Manyan iri kuwa su kan kai wata 18, har shekara 2. Daga nan abin ya kan dawo kamar sau 2 a shekara muddin ranta, gama tsufa ba ya tsai da shi. Akwai wani iri na ƙasar Kwango da a ke kira Basenji, shi sau ɗaya tak ya ke yi a shekara.

Dukan lokacin ya kan ɗauki mako 2 zuwa 3, wani lokaci har 4. A kashi na fari, kamar kwana 9, al'aurarta ta kan kumbura, jini yana ɗiga, tana yawan lasar wurin, tana fitsari kaɗan kaɗan a ko'ina. Warin fitsarin nan ne ya ke kirawo maza daga nesa. Amma in namiji ya matso sai ta kore shi da haushi. A kashi na biyu, shi ma kamar kwana 9, jinin ya kan ragu, ya koma ruwa-ruwa. A nan ne mutane da yawa su ke ruɗuwa. Su kan ce abin ya wuce, su sake ta. Alhali kuwa yanzu ne ta ke tsayawa wa namiji, ta kau da wutsiya gefe, yanzu ne kuma ta ke ɗaukar ciki.

Ko da shi ke tana iya ɗaukar ciki tun a karo na fari, bai kamata a bar ta ba. Ita kanta ba ta gama girma ba. Haihuwa ta kan yi mata wuya, wata kuma ta ƙi shayar da 'ya'yan. In kuna son ta haihu, ku dakata sai karo na biyu ko na uku. Cikin karya kwana 63 ne, watau wata 2 da 'yan kwanaki. Kafin ku yarda, ku tambayi kanku, wa zai karɓi 'yan kwikwiyo 6 ko 7? Wanda ba a sama masa gida ba, shi ne karen juji na gobe.

To, me za a yi? Ku tsare ta cikin ɗaki mai ƙofa da iska har mako 4 cif daga ranar da kuka fara ganin jini. Ɗaure ta da igiya a tsakar gida ba ya amfani, gama maza su kan haura katanga, su haƙa ƙarƙashin zana. Ku shimfiɗa mata tsohon buhu wanda za a iya wankewa. Ku ba ta ruwa da abinci kullum, ku fita da ita da sarƙa a hannun babba, ba yaro ba. Kada ku duke ta don ta ɓata ƙasa, ba da gangan ta yi ba.

In kuwa namiji ya riga ya same ta, kuka iske su a manne, kada ku jefe su, kada ku zuba musu ruwa, kada ku ja su. Halittarsu ke nan, za su rabu da kansu cikin minti 30 ko ƙasa da haka. Raba su da ƙarfi ya kan yi wa dukansu rauni. Iyaye, in yara sun yi tambaya, ku amsa musu a hankali cewa ta haka ne karnuka su ke samun 'ya'ya. Gara su ji daga bakinku da su ji a titi.

Babban hatsarin yana kan yaranmu. Karnukan da su ke taruwa su kan yi faɗa, kuma ba ku san wanda aka yi wa allura a cikinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kamar kashi 40 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ku hana yara zuwa kallon faɗan karnuka. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar nan, kada a jira a ga alama. Da zarar alamun ciwon sun fito, kusan ba mai tsira. Ita karyar kuma a yi mata allurar rigakafi tun tana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya faɗa.

Bayan lokacin ya wuce ku ci gaba da lura da ita har wata 2. Wata ta kan kawo nono, ta yi ta tattara tsummoki kamar mai ciki, alhali ba ciki. Wannan ya kan wuce da kansa. Amma in ta daina cin abinci, tana shan ruwa da yawa, cikinta ya kumbura, ko mugunya tana fita ta bayanta, mahaifarta ce ta ruɓe. Ku kai ta asibitin dabbobi nan da nan, jinkiri ya kan kashe ta. Haka kuma in kun ga wani tsiro ja mai zub da jini a al'aurarta, ciwo ne da karnuka su ke ɗauka ta wurin barbara, yana kuwa warkewa da allura.

Kada ku ba karya ƙwayar tsarin iyali ta mata, ko allurarsa. Irin wannan magani yana jawo ruɓewar mahaifar nan. In ba ku son ta haihu sam, likitan dabbobi zai iya cire mata mahaifa. Ya kan so a jira kamar wata 3 bayan lokacin barbara ya wuce. Ku rubuta ranar da kuka fara ganin jini a jikin kalanda, ku ƙirga wata 6, domin karo na gaba ya same ku a shirye. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.